Laccar da mutum tara suka shirya, babu wanda ya ɗauke ta tasa: nazarin rabon aiki a wata ƙungiyar ƙwararru

Reshen wata ƙungiyar masu sana'a ɗaya ne, mambobinsa sun kusa ɗari uku, kuma ba shi da ma'aikaci ko ɗaya mai cin albashi. Duk shekara yana shirya lacca shida, wato ɗaya bayan kowane wata biyu. Akan gayyato masani ya yi jawabin minti 45, a bi shi da tambayoyi na minti 20. Wasu mambobin su zo zaure, wasu su bi ta Zoom. Duk wanda ya halarta yana karɓar takardar shaida, saboda hukumar da ke sabunta lasisin sana'ar tana ƙirga irin wannan halarta cikin makin ƙarin ilimi da take nema a shekara. Don haka ga mambobi da dama takardar ce ke kawo su, jawabin kuma riba ce a kai.

Kwamitin shirye-shiryen mutum tara ne, dukkansu 'yan sa-kai masu aikinsu na yau da kullum. A farkon shekara suka kasa aikin gida huɗu: harkar baƙi, harkar zaure, sanarwa da rajista, sai kuɗi. Kowane gida mutum biyu, shugaban kwamiti na tara. A takarda rabon ya yi kyau, har ana ganin sanya mutum biyu a kowane gida kariya ce, in ɗaya ya shagala ɗaya ya riƙe. Lacca ta farko da ta biyu sun wuce lami lafiya, amma bincike daga baya ya nuna dalilin: duka baƙin biyu mambobin reshen ne, sun san zauren, sun san 'yan kwamitin, abin da aka manta ba a gaya musu ba su da kansu suka tambaya.

Abin da ya faru a lacca ta uku

Baƙon wannan karo daga waje yake. Shugaban kwamiti ne ya haɗu da shi a wani taro, suka yi magana baki da baki, aka tsayar da ƙarfe 6:00 na yamma. Saura kwana goma sai masu zauren suka ce dole a fita kafin 7:15 domin akwai wasu masu taro a baya. 'Yan gidan zaure suka dawo da lokacin farawa zuwa 5:30, suka rubuta a zauren WhatsApp na kwamiti. 'Yan sanarwa suka gani suka gyara fosta. Baƙo kuwa ba ya cikin zauren WhatsApp ɗin. Mutum biyun da ke kula da baƙi duk sun karanta saƙon, kowannensu ya ɗauka ɗan'uwansa ya kira shi, su biyun kuma suna ganin ai shugaba ne ya samo shi, shi zai gaya masa. Ya iso 5:50, yana ganin ma ya yi sammako, ya tarar da zaure cike ana ta duba agogo.

Ya buɗe jaka ya fito da kwamfutarsa, wadda ba ta da kafa sai ta USB-C. Majigin zauren kebul ɗin HDMI yake karɓa. Babu adafta a wurin, domin babu wanda ya tambaye shi da me zai zo. Aka yi dabarar tura fayil ɗin ta imel zuwa kwamfutar wani ɗan kwamiti. Da aka buɗe, salon rubutun ya sauya, kanun shafuka suka hau kan hotuna, wani ɗan gajeren bidiyo da ya gina rabin bayaninsa a kai ya ƙi tashi saboda ba a cikin fayil ɗin yake ba, yana can cikin kwamfutarsa. Jawabi bai fara ba sai 6:05.

A daidai wannan minti Zoom ya yanke. Asusun da reshen ke biya wa kuɗi a kan imel ɗin ma'aji aka buɗe shi, ma'aji kuma ya yi tafiya. Ɗaya daga cikin 'yan sanarwa, don kada aiki ya tsaya, ya ƙirƙiri mahaɗin taron da asusunsa na kyauta, bai tuna cewa na kyauta minti 40 kawai yake bai wa taro ba. An buɗe 5:25, ya mutu 6:05. Aka sake buɗewa, wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba, ya sake yankewa ana tsakiyar jawabi. Waɗanda suka jure kuma ba su ji ko tambaya ɗaya daga cikin zaure ba, domin masu tambaya daga kujerunsu suke ɗaga murya, makirufo ɗaya ne kuma yana hannun baƙo.

Rajista ma da tata matsalar. Mutum 140 suka cike fom, amma fom ɗin bai tambayi ko mutum zaure zai zo ko ta intanet zai bi ba. Kujeru 80 ne a zauren, mutane suka tsaya a baya. Takardar sa hannu ta ƙare a layi na sittin. A Zoom kuwa rabin sunayen na wayoyi ne, ga "iPhone" har guda bakwai, babu wanda ya rubuta ko su waye. Sakamakon haka takardun shaida suka yi mako biyar ba su fita ba, ana ta jayayya da masu cewa sun halarta. Wasiƙar godiya da kuɗin motar baƙo sun kai wata biyu, domin ma'aji yana jiran rasit, 'yan gidan baƙi kuma ba su san su ne za su karɓo ba.

Inda ɓarakar take

Da kwamitin ya zauna bita, abu na farko da ya fito shi ne babu wanda ya yi lalaci. Kowa ya yi abin da aka rubuta masa. Zaure an kama, fosta ta fita a kan lokaci, baƙo an samo. Duk abubuwan da suka lalace suna tsakanin gida biyu ne. Sauya lokaci yana tsakanin zaure da baƙi. Adafta tana tsakanin baƙi da zaure. Asusun Zoom yana tsakanin kuɗi da sanarwa. Takardar shaida tana tsakanin rajista da wani gida da ma ba a kafa ba, na ayyukan bayan taro. An raba ɗakuna, an manta da ƙofofin da suka haɗa su.

Abu na biyu, sanya mutum biyu a kan aiki ɗaya shi ya haifar da akasin abin da aka so. Wannan ba sabon abu ba ne a ilimin halayyar ɗan Adam. Tun 1913 wani injiniyan noma ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa gwajinsa na jan igiya, inda ya ga ƙarfin da kowane mutum ke sawa yana raguwa gwargwadon yawan masu jan. A 1968 kuma John Darley da Bibb Latané a Amurka suka nuna cewa mutum yakan yi jinkirin tashi ya taimaka idan ya san akwai wasu da su ma suka ji abin da ya ji. Saƙon da ya fara da "don Allah wani ya taimaka ya kira baƙo" a zauren WhatsApp na mutum tara, irin wannan tarkon ne. Kowa ya karanta, wasu ma su sa alamar babban yatsa, amma alamar nan "na gani" take nufi, ba "na ɗauka" ba.

Akwai kuma lissafi. Mutum tara, in kowa zai yi magana da kowa, hanyoyin magana 36 ke tsakaninsu. In aka rage zuwa biyar, hanyoyin su koma 10. Kwamitin ya dogara ne da cewa labari zai bi duk hanyoyin nan 36 da kansa ya kai ga wanda ya kamata, alhali mutumin da ya fi kowa buƙatar labarin, wato baƙo, ba ya kan ko ɗaya daga cikinsu.

Sabon rabo

Ba su fara da raba muƙamai ba. Sun fara da rubuta kowane aiki daga ranar da aka ambaci sunan baƙo har ranar da takardar shaida ta ƙarshe ta fita. Ayyuka hamsin da 'yan kai suka fito, kusan sulusinsu babu gidan da ya taɓa ɗaukarsu nasa. Kowane layi ya zama da abu huɗu: aikin da kansa, a rubuce da fi'ili ("karɓo fayil ɗin jawabi", ba "harkar jawabi" ba), sunan mutum ɗaya tak, rana, da abin da zai nuna an gama. Wannan na ƙarshen ya fi sauran amfani. "An sanar da baƙo" ba gamawa ba ce. Gamawa ita ce baƙo ya amsa a rubuce yana maimaita lokacin da kansa.

Wani ya kawo shawarar a yi amfani da cikakken jadawalin RACI da kamfanoni ke yi, mai ware wanda zai yi aikin, wanda alhakin ke wuyansa, wanda za a yi shawara da shi, da wanda za a sanar. Sun gwada, suka ga layi hamsin sau gida huɗu ya fi ƙarfin mutanen da ke duba takardar a waya bayan sun tashi daga aiki. Suka riƙe gida biyu kawai: mai yi da wanda za a sanar. Hukuncin ya yi daidai. Jadawalin da ba a buɗewa bai fi babu ba.

Daga nan ne ayyukan suka taru da kansu suka zama muƙamai. Mafi muhimmanci shi ne jagoran zama, mutum ɗaya ga kowace lacca, ana karɓa-karɓa, ta yadda babu wanda zai jagoranta fiye da sau ɗaya a shekara. Jagora ba ya ɗaukar wani aiki daga jerin. Aikinsa ƙofofin nan ne: ya bi ranaku, ya tambayi wanda ya makara, ya yanke hukunci in abu biyu sun ci karo. A hannunsa takardar bayanan zama take, shafi ɗaya mai ɗauke da rana, lokacin buɗe ƙofa, lokacin fara jawabi, lokacin da dole a fita, adireshi, mahaɗin Zoom, yawan kujeru, da cikakken sunan baƙo yadda shi yake rubuta shi. Kowa na iya karantawa, jagora kaɗai ke iya gyarawa. Fosta, fom da wasiƙar gayyata duk daga nan ake kwafa. In lokaci ko wuri ko mahaɗi ya sauya, jagora zai kira mai kula da baƙo a waya, ba saƙo ba, sannan a rubuta.

Mai kula da baƙo shi ma mutum ɗaya ne, kuma shi kaɗai ke magana da baƙo daga gayyata har godiya. Ko shugaba ne ya samo baƙon, cikin kwana biyu zai haɗa su ta imel ya janye. Mako shida kafin lacca mai kula da baƙo yana tura masa tambayoyi gajeru: taken jawabi da bayaninsa cikin jimla uku, tarihinsa a kalmomi 80, hoto, wace irin kwamfuta da wace kafa, akwai bidiyo ko sauti, ya yarda a naɗi jawabin, ya yarda a raba fayil ɗin ga mambobi, yana da wata buƙata ta shiga zaure ko ta zama, da lambar da za a same shi ranar taro. Awa 72 kafin lokaci yana karɓar fayil ɗin iri biyu, na asali da na PDF, ya miƙa wa mai na'urori. Ranar kuma shi ke tarbar baƙo a ƙofa, fom ɗin mayar da kuɗin mota a hannunsa, a cike a wurin.

Aikin na'urori an tsaga shi biyu, domin lacca ta uku ta nuna mutum ɗaya ba zai iya duba majigi yana kuma shigar da mutane Zoom ba. Mai na'urorin zaure yana zuwa minti 90 kafin farawa da akwatin da reshen ya tanada: adafta daga USB-C zuwa HDMI, kebul ɗin HDMI mai tsawo, mahaɗar wuta mai baki da yawa, na'urar juya shafi, batura sababbi na makirufo marar waya, da filashi mai ɗauke da fayil ɗin. Yana gwada fayil ɗin baƙon a kan majigin zauren, shafi shafi, har da sautin bidiyo, ya kuma duba ko faɗin shafin 16:9 ne ko 4:3 don kada gefe ya yanke. Mai Zoom kuma yana zaune da lasifikar kunne, yana jin abin da na nesa ke ji. An mayar da asusun kan imel ɗin reshe, kalmar sirrinsa tana hannun mutum uku. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: wanda aka naɗa mataimakin mai masauki a Zoom ba ya iya buɗe taro, sai an buɗe ne ake naɗa shi. Don haka dogaro da "ai akwai mataimaki" ba ya magance rashin mai asusu. Sun kuma kafa doka cewa na'ura ɗaya kaɗai za ta kunna sautin Zoom a cikin zaure, domin biyu na haifar da amsa-kuwwa da ƙarar nan mai huda kunne.

Rajista da takardar shaida aka haɗa su a hannu ɗaya, tun da aiki ɗaya ne mai baki biyu. Fom yanzu yana tambayar zaure ko intanet, da lambar mamba, da sunan da za a buga a takarda. Ana rufe gurbin zaure idan ya cika, a buɗe jerin jira. Masu bi ta intanet ba a shigar da su sai sun sa cikakken suna, kuma a minti goma na ƙarshe ana saka mahaɗin wani ɗan fom na halarta wanda ake rufewa bayan rabin awa. Takardun shaida kwana bakwai ne wa'adinsu.

Sauran muƙaman ba su da wata sarƙaƙiya. Mai sanarwa yana fitar da sanarwa sau uku, mako huɗu, mako ɗaya, da jajibiri. Ma'aji yana amincewa da kasafi mako takwas kafin lokaci, ya biya cikin kwana goma sha huɗu bayan an kawo masa takardu. Mai gabatarwa yana da minti biyu na gabatar da baƙo, yana maimaita kowace tambaya a makirufo, yana kuma ɗaukar ɗaya daga zaure ɗaya daga intanet. Tsaron lokaci suka aro daga Toastmasters, ƙungiyar koyon jawabi a gaban jama'a wadda Ralph Smedley ya kafa a 1924: kati kore, rawaya da ja. A nan kore saura minti goma, rawaya saura biyar, ja lokaci ya cika. Ana nuna wa baƙo katunan tun kafin ya hau, domin babban mutum ba ya jin daɗin a ɗaga masa jan kati bai san da zancen ba. Tsaron lokaci da tsaron ƙofa ayyuka ne na awa biyu, aka riƙa ba wa sababbin mambobi da ba sa cikin kwamiti, ta nan ma aka samu masu shiga kwamitin daga baya.

Sun kuma rubuta awannin da kowane muƙami ke ci a lacca ɗaya: jagora kamar goma sha biyu, mai kula da baƙo takwas, mai rajista shida, masu na'urori biyar biyar, mai sanarwa huɗu. Amfanin wannan shi ne mutum ya san abin da yake amsawa. Ɗan sa-kai ba a rage masa albashi, ba a ba shi takardar gargaɗi. Abin da kawai ke riƙe shi shi ne alkawarin da ya ɗauka da bakinsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, gara ya ce ba zai iya ba tun saura mako takwas.

Abin da sabon tsarin bai gyara ba

Lacca ta huɗu ta fara a kan minti, takardun shaida suka fita cikin kwana shida. Amma jagorarta ta gaji tilis, domin duk aikin da ya makara da kwana ɗaya sai ta yi da kanta maimakon ta bi mai shi. Wannan ita ce cutar jagora mai ƙwazo: taro ya yi kyau, amma masu ayyukan sun koyi cewa in sun yi shiru wani zai yi. Aka ƙara doka cewa aikin da ya wuce wa'adi da awa 48, jagora zai kira mai shi sau ɗaya, in bai samu ba ya miƙa wa na'ibin mai aikin, ya kuma rubuta sauyin sunan a jadawali kowa ya gani.

Na'iban ma da farko suna ne kawai. A lacca ta biyar mai Zoom ya kwanta rashin lafiya da safe, na'ibinsa bai taɓa buɗe asusun ba, kuma lambar tabbatarwa da ake turawa lokacin shiga daga sabuwar na'ura tana zuwa akwatin imel da shi ba ya iya buɗewa. An ci sa'a an gano da rana, ba da yamma ba. Daga nan aka ce ba a kiran mutum na'ibi sai ya yi aikin da hannunsa sau ɗaya mai shi na tsaye a gefe. Bambancin na'ibi da tsohon tsarin mutum biyu shi ne na'ibi ba ya taɓa komai har sai an kira sunansa an ce aiki ya dawo hannunsa.

A wannan lacca ta biyar ɗin dai baƙon da aka tsara ya janye saura kwana huɗu. Babu layin wannan a jadawali. Aka rufe gurbin da tattaunawar mambobi uku, daga baya aka ɗora wa shugaban kwamiti riƙe sunayen mutum biyu na cikin gida masu jawabi a shirye.

Karɓa-karɓar jagoranci tana da tsadarta: kowane sabon jagora yana fara koyo daga tushe. Maganin da suka samu shi ne bita ta minti 20 cikin mako guda bayan kowace lacca, da tambaya uku kacal, me ya makara, me ya faɗo da ba ya cikin jeri, me za a cire. Jagora mai zuwa ne ke rubuta amsoshin, ba mai barin gado ba, domin shi ne zai sha wahalar in an manta.

Abin da har ƙarshen shekara ba a warware ba shi ne zaɓen baƙi. Shugaba ya ci gaba da yi wa mutane alkawarin rana a wuraren taro kafin kwamiti ya ji, sau ɗaya ma ya ba mutum biyu wata ɗaya. Kwamitin ya rubuta cewa ba a ba kowa rana sai daga takardar bayanan zama, shugaba ya sa hannu tare da kowa. A zaman tsara shekara mai zuwa ya shigo da sunaye huɗu cikin shida, uku daga ciki ya riga ya gaya musu watan da za su zo.